Metal Gear Solid V: labarin da ake cewa babu shi

Jama'a, yau ku yi min uzuri, ba maganar farashin mai ko ta 'yan majalisa zan yi ba. Maganar gem ce. Na san wani zai ce "haba Malam, da girmanka?" To, a bari in kai ƙarshe tukuna, don abin ya taɓa muhawarar da muke yi kullum a kan harshe da makaranta.

Tun ranar 1 ga Satumba 2015 da kamfanin Konami ya saki Metal Gear Solid V: The Phantom Pain, masu buga shi suka rabu gida biyu, kuma har yau ba su sasanta ba. A kan daɗin bugawa babu gardama. Wasan sanɗa ne, kana rarrafe cikin ciyawa, ka laɓe a bayan dutse, ka shiga sansanin sojoji ka fito ba wanda ya ji motsinka. Inda ake ja-in-ja shi ne labarin. Ɓangare ɗaya na cewa Hideo Kojima ya ba mu tuwo ba miya, labari ne da ba a gama ba. Ɗaya ɓangaren na cewa an raina labarin ne kawai, ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ni ina tare da na biyun. Wanda bai buga ba kuma yana da niyya, ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwai.

Bari in fara ba masu suka haƙƙinsu, don ba ƙarya suka yi ba. Kashi na biyu na wasan cike yake da matakan da ka riga ka buga, an dawo maka da su an ƙara musu wuya. Mataki na 51, wanda zai rufe zancen yaron nan Eli da ya gudu da katafariyar na'urar yaƙi, ba ya cikin wasan kwata-kwata, sai guntun bidiyonsa da ba a kammala ba a faifan ƙari. Snake ɗin da a da yake da surutu, da aka ba Kiefer Sutherland muryarsa a madadin David Hayter, sai ya koma kamar wanda aka ɗinke wa baki. Kuma kowa ya san rigimar Kojima da Konami a shekarar, har aka hana shi halartar bikin ba da kyaututtuka na watan Disamba. Shigar da aka yi wa Quiet kuwa, da hujjar wai ta fata take numfashi shi ya sa ba ta iya rufe jiki, wallahi ko ni ban karɓi wannan uzurin ba. Rainin hankali ne.

To amma duk wannan bai sa na yarda cewa labarin fanko ba ne.

Ga yadda abin yake. Shekarar 1984 ce. Snake ya farka a wani asibiti a Saifurus bayan shekara tara a sume, babu hannun hagu. Ya sake haɗa rundunar sojojin haya mai suna Diamond Dogs, suna aiki a Afganistan lokacin mamayar Tarayyar Sobiyet, daga baya a iyakar Angola da Zayar. Abokin gabarsu, Skull Face, makaminsa wata ƙwayar halitta ce mai maƙalewa a maƙogwaron mutum. Tana nan lamo ba ta komai, sai ta ji sautin wani harshe takamaimai, sai ta hayayyafa, 'ya'yanta su cinye huhun mai maganar. Kowane harshe da irin ƙwayarsa. Wato makami ne da ba ya tambayar launin fatarka ko tutarka, harshen da kake yi kawai yake saurare.

Me ya kai shi ga haka? Shi ɗan wani ƙauye ne na masu jin harshen Hangari a yankin Transilbaniya. Yaƙi ya ci iyayensa, wuta ta cinye fuskarsa, sannan duk ubangidan da ya faɗa hannunsa sai ya tilasta masa sabon harshe, har nasa ya kuɓuce masa. Shi ya sa ya ƙudiri aniyar sakin ƙwayar Turanci, ya kawar da harshen da yake ganin yana haɗiye sauran. Mugu ne, ba ja. Amma ciwon da ke cin sa ba na ƙarya ba ne. Akwai kuma dattijon nan Code Talker, ɗan ƙabilar Nabaho ta Amurka, wanda aka kai makarantar kwana yana yaro, aka sauya masa suna, aka hana shi harshen uwarsa. Wannan ɓangaren ba ƙirƙira ba ne, haka aka yi wa yaran 'yan asalin Amurka a irin waɗannan makarantu. Duk wanda a cikinmu aka taɓa rubuta sunansa a aji don ya yi Hausa, aka ci shi tara ko aka zane shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Inda nake ganin masu suka suka yi kuskuren lissafi shi ne wurin da suke neman labarin. Sun saba da tsofaffin Metal Gear, inda za ka ajiye abin bugawa ka kalli bidiyo mai tsawo kamar fim. A wannan, an zuba mafi yawan bayanin a kaset-kaset da za ka saurara in ka ga dama, sauran kuma an sa shi a cikin abin da hannunka ke aikatawa.

Misali, akwai lokacin da annoba ke ɓarkewa a sansaninka na cikin teku. Mutanenka na ta mutuwa, ba a san dalili ba. Dole ka buɗe jerin sunayen ma'aikatanka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman abin da ya haɗa waɗanda suka kamu. A ƙarshe sai ka gano duk masu jin harshen Kikongo ne. Daga nan kai da kanka za ka zauna kana tace mutanenka da harshensu, wannan a killace shi, wancan a bar shi. Mutane da yawa sun yi ƙorafin cewa aikin na da gundura. Eh, yana da gundura, kamar aikin akawu. Abin da ya tsorata ni kenan a ciki. Ware mutane saboda harshensu, a tarihi, sau da yawa da takarda da jerin sunaye ake fara shi. Mu da muka san labarin tare hanya a tambayi matafiyi daga ina yake, a saurari yadda harshensa ke fita kafin a yanke masa hukunci, bai kamata wannan matakin ya wuce mu haka kawai ba.

Sai mataki na 43. Cutar ta dawo da sabon salo, babu magani. Ka shiga ɗakin killacewa kai kaɗai, da na'urar da ke nuna maka wanda ya kamu. Kuma sojojin nan ba baƙi ba ne, kai ka kwaso su daga fagen daga, ka san sunayensu, ka raba musu ayyuka. A wani ɗaki za ka tarar sun tsaya sun ƙame suna sara maka, suna jiran ka harbe su. Wasan ba zai karɓe bindigar ya yi maka a bidiyo ba. Kai za ka danna. Duk wanda ya faɗi, sai allo ya sanar da kai ka rasa ma'aikaci. Bayan an ƙona gawarwakin, Snake ya ƙi zuba tokar a teku, ya ce a mai da ita lu'ulu'u su riƙa ɗauka zuwa yaƙi. Wanda ya buga wannan ya ce babu labari, to ban san me yake kira labari ba.

Ita ma Quiet, in aka cire batun tufafin, shirunta na da tushe. Ƙwayar Turanci ce a maƙogwaronta, don haka ta zaɓi yin gum. Da Code Talker kaɗai take magana, da harshen Nabaho. Ranar da maciji ya sari Snake cikin guguwar rairayi, sai da ta buɗe baki ta yi wa matuƙin jirgi kwatance da Turanci, tana sane da abin da hakan zai tayar a jikinta. Ta cece shi, ta shige hamada ba ta dawo ba.

Wani abin sha'awa a gefe: na'urar yaƙin nan sunanta Sahelanthropus, daga sunan ƙwarangwal ɗin kan da aka tono a hamadar Cadi a 2001.

Zargina shi ne, yawancin waɗanda suka yanke wa labarin hukunci tun farko mutane ne da harshensu bai taɓa fuskantar barazana ba. A wurinsu, mutumin da ke son ɗaukar fansa saboda an raba shi da harshensa wani shirme ne na Kojima. Mu kuwa muna cikin zancen tsundum. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta mai da Faransanci harshen aiki. A shekarar dai, gwamnatin Najeriya ta soke tsarin 2022 na koyar da yaran firamare da harshen uwa, ta koma Turanci.

Sai dai kada mu yi saurin ɗaukar kanmu a matsayin Code Talker. A Bauci da Jigawa da wasu sassan Filato, Hausa ce ke yin abin da Skull Face ke zargin Turanci da yi. Harshen Ajawa a Bauci ya mutu, na Auyokawa a Jigawa ya mutu, jikokin masu su Hausa suke yi. Ba wanda ya sa musu bindiga, kasuwa da aure da zaman gari ne suka yi aikin. Duk wanda ya yi karatu a Arewa ya san abokin da iyayensa ke yi masa magana da yarensu yana amsawa da Hausa. Lokacin da nake sauraron dogon jawabin Skull Face a bayan motar nan, irin waɗannan abokan ne suka faɗo min a rai, ba Ingila ba.

Game da ƙarshen wasan, inda ake bayyana cewa ba ainihin Big Boss kake bugawa ba, likitan rundunarsa ne aka sauya wa fuska da tunani, nan kam na fahimci masu jin haushi. An bayyana shi a gaggauce, ta hanyar maimaita maka matakin asibiti na farko kusan gaba ɗaya. Amma ya dace da sauran. Ga wanda aka raba da harshensa, ga wadda aka raba da muryarta, ga Miller da ya rasa hannu da ƙafa ya ƙi a sa masa na ƙarfe, ga kuma kai da aka raba da sunanka da fuskarka.

Masu cewa an bar labarin a buɗe, na yarda da ku a kan Eli da mataki na 51. Amma masu cewa babu komai a ciki, ina da tambaya ɗaya: kaset ɗin Code Talker nawa kuka saurara har ƙarshe? Ku gaya min gaskiya fa, don na san yawancinku kuna tsallake su ne ku koma satar tumaki da balan-balan.