Shiver: Tsakanin Rawar Ɗari Da Sartse

Mai karatu, yau kalmar Turanci guda ɗaya tak na ɗauko domin mu tattauna a kanta, wato "shiver". Duk wanda ya zauna a aji huɗu na firamare ya san ta, domin kuwa malamai kan koyar da ita tare da kalmomin sanyi da zafi, su ce ma'anarta rawar ɗari. Gaskiya ne, haka take. To amma wanda ya buɗe babban ƙamus na Turanci zai tarar an rubuta ta sau biyu, an sa wa ɗaya lamba 1, an sa wa ɗaya lamba 2. Ta farko ita ce rawar jikin da muka sani. Ta biyu kuwa tana nufin abu ya farfashe ya tarwatse, ko kuma ɗan guntun da ya fita daga jikin abin da ya farfashe, kamar na itace ko na gilashi ko na dutse.

Abin da ya sa na bi sawun kalmar shi ne wani aikin gida da aka ba ɗan yayata, wanda ke aji biyu na babbar sakandare. An ba su wani guntun labari na mayaƙan Turai na da, masu sulke da dawaki, aka ce su mayar da shi Hausa. A ciki akwai inda aka ce mashin wani jarumi ya yi "shiver" a kan garkuwar abokin karawarsa. Yaro ya kawo mini takardarsa a zaurenmu da ke nan Gidan Dare, na ga ya rubuta cewa mashin ya kama makyarkyata. Na ce da shi, "Kai kuwa, yaushe mashi ya fara jin sanyi?" Ya ce, "Kawu, ai tsoro ne, mai mashin ne hannunsa ke rawa." Ka ji hikima irin ta yaro, ya ga fassara ba ta zauna ba, sai ya ƙera mata dalili. Alhali abin da marubucin ke nufi shi ne mashin ya daki garkuwa da ƙarfin da ya sa sandarsa ta ragargaje. Ka ga an juya labari ke nan, jarumin da ya kai bugu har makaminsa ya karye an mayar da shi matsoraci.

Masana asalin kalmomi sun nuna cewa waɗannan ma'anoni biyu ba 'yan gida ɗaya ba ne, haɗuwar hanya suka yi. Mu fara da ta farfashewa. Tun wajen shekara ta 1200 ake samun ta a rubuce-rubucen Ingila da ma'anar ɗan guntun abin da ya tsage. Tana da dangi a harsunan da ke maƙwabtaka da Turanci. A tsohon Jamusanci akwai "scivaro" mai wannan ma'ana, a Jamusancin yau kuma akwai "Schiefer", sunan wani dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda da shi ake rufin ɗaki a Turai, da shi kuma aka riƙa yin ɗan baƙin allon da yara ke rubutu a kansa a makarantun boko na da. Mu a ƙasar Sakkwato ba baƙi ba ne ga dutse mai wannan hali, domin masana ƙasa sun sa wa wani jerin duwatsu masu ɓarewa sunan garin Dange, kamar yadda suka sa wa dutsen da ake siminti da shi sunan Kalambaina. Idan aka ƙara tonawa, ana mayar da kalmar ga wata tsohuwar saiwa mai nufin yankewa ko rabawa, kuma daga wannan saiwa ake cewa kalmar "science" ta fito ta hanyar Latin, bisa tunanin cewa sanin abu shi ne iya raba shi da waninsa. Wannan ya burge ni ƙwarai, domin mu ma idan muka ce mutum yana da fahimta, mukan ce yana iya rarrabewa.

Ita kuwa ta rawar jiki, da can ba da "sh" take farawa ba. "Chiveren" ake cewa, sai wajen shekara ta 1400 aka fara ganin ta da siffar da muka sani. Masana da dama suna danganta ta da wata tsohuwar kalma mai nufin muƙamuƙi, wato daga kaɗawar haƙora ta mai jin sanyi aka samo ta, sannan suna ganin kusancinta da kalmar "shake" ne ya ja bakin mutane zuwa "sh". Da ta sauya baki sai ta faɗo daidai kan waccan ta farfashewa, rubutu ɗaya, furuci ɗaya. Shekara ɗari shida ke nan suna zaune a ɗaki guda.

Waɗanda suka karanta littafin Treasure Island na Robert Louis Stevenson, wanda ya fito a 1883, za su tuna da ɗan fashin tekun nan mai ƙafa ɗaya, Long John Silver, da rantsuwarsa da ke ambaton katakon jirgi. Yawancin masu karatu a yau, har da Turawan kansu, suna ɗauka cewa yake katako ya yi rawa. Ba haka ba ne, cewa yake katakon jirginsa ya tarwatse in ƙarya yake, kamar dai Bahaushe ya ce aradu ta faɗa masa. A zamanin jiragen katako wannan ba ƙaramar rantsuwa ba ce, domin idan harsashin igwa ya daki gefen jirgi, tsinkayen katakon da ke tashi su ke yi wa matuƙa da yawa raunin da ke kai su lahira. Abin dariya, a bakin waɗannan matuƙa dai, idan filafilan jirgi ya rasa iska sosai ya shiga kaɗawa, shi ma "shiver" suke cewa ya yi. A jirgi ɗaya, zane na rawa, katako na fashewa, kalma ɗaya.

Kada mu yi wa Turawa dariya da yawa, mu ma muna da namu. Dubi kalmar da muke ta ambato tun ɗazu, ɗari. A takarda, ɗarin da ke sa mutum neman bargo da ɗarin da ke bin casa'in da tara ba su da bambanci ko na ɗigo. Haka gari na zama da gari na tuwo, haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala. Ko sunan unguwarmu, baƙon da ya gan shi a rubuce sai ya saurari ɗan gari kafin ya san yadda ake faɗarsa, tun da dare na bayan magariba daban, darewar itace daban. Sai dai mu kunne na cetonmu, domin karin sauti da jan wasali suna raba su a baki, rubutun boko ne kawai ya ƙi nuna haka. Shi ya sa ƙamus irin na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 suka sha wahalar sa wa kowace kalma alamar sauti. Shi Bature a kan "shiver" ba shi da wannan gata, sai dai jimla ta raba masa gardama.

A nan ne nake ganin mai fassara zuwa Hausa ba shi da uzuri, domin inda Turanci ya cusa abu biyu a jaka ɗaya, Hausa ta ba kowane rumbunsa. Ta fuskar rawa muna da makyarkyata da kyarma da karkarwa, muna da ɓari, muna da tsuma ta mai fushi ko mai shirin dambe, muna da kaɗuwa ta wanda ya ji mugun labari, muna da tashin tsikar jiki. Rawar jiki ma kanta ta rabu, domin wanda ake cewa yana rawar jiki da baƙi ba sanyi yake ji ba. Ta fuskar fashewa kuwa abin ya fi daɗi, don har kayan da ya fashe muke dubawa kafin mu sa wa guntunsa suna. Idan ƙwarya ce sakaina, idan tukunya ce tsingaro ko katanga, idan itace ne ya shige maka a yatsa sartse, idan abinci ne ɓarɓashi. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta kira sakaina tsingaro ba. Amma sai ka ji mai digiri a rediyo yana cewa "ƙananan ɓangarori" ga kowane abu, saboda ma'anar farko da ya gani a ƙamus ita ya kama ya rufe littafi. Wannan lalaci ne, kuma yara na koyonsa daga gare mu.

Wanda ke son ganin ma'anonin nan biyu suna aiki tare, ya zo Sakkwato tsakanin Disamba da Janairu. Garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watan Afrilu, shi ne a hunturu za ka ga ƙato ya naɗe kai da rawani har hanci yana neman inda aka hura wuta. Iskar da ke kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, busasshiya ce ƙwarai, saboda haka ba sanyi kaɗai take kawowa ba. Leɓe na tsagewa, diddige na yin faso, ƙyauren katako na buɗe baki, ƙwaryar da aka manta a tsakar gida ta dare. Da asuba idan na fito masallaci nakan wuce masu faskare sun fara aiki saboda kasuwarsu ta buɗe, gatari na sauka sartse na tashi, a gefe kuma almajirai sun kewaye 'yar wutar kara, haƙoransu na kaɗawa, wasunsu da riga ɗaya. Likitoci sun ce wannan rawa dabara ce ta jiki, tsoka ce ke motsi da sauri domin ta samar da ɗumi ta riƙe jiki a wajen digiri 37. Sun kuma ce jariri sabon haihuwa bai iya ta sosai ba, don haka rashin ganin yana rawa ba ya nuna ba ya jin sanyi.

Akwai kuma wata rawar da ba ta jiran hunturu, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa haɗa su ba. Idan yaro ya kwanta yana kyarma a tsakiyar damina yana cewa a lulluɓe shi, sai ta ɗora bayan hannunta a goshinsa, ta ce da uwarsa, "Ke, wanga ba ɗari na ba, masassara ta." Abin da Kanawa ke kira zazzaɓi ke nan. Yaro na rawar sanyi alhali jikinsa kamar garwashi.

Bayanin wannan abu ya zo ne daga binciken da aka yi a ƙarshen ƙarni na 19. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar cizon sauro a cikin jinin marasa lafiya a ƙasar Aljeriya. Bayan 'yan shekaru, wajen 1886, Camillo Golgi na Italiya ya gano abin da ke sa masassarar zuwa tana komawa a kan lokaci. Ƙwayar cutar kan shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa a ciki, idan ta cika sai ƙwayar jinin ta fashe, 'ya'yan su watsu su nemi wasu. Da yawansu kan fashe a lokaci guda, a wani nau'in bayan awa 48, a wani bayan awa 72. Dattin da wannan fashewa ke zubarwa cikin jini shi ke sa jiki ya ɗaga ma'aunin zafin da yake son kaiwa, sai mutum ya ji kamar an jefa shi a randa, tsoka ta kama rawa domin ta kai shi can. Nau'in da ya fi yawa a ƙasarmu, wanda kuma ya fi kisa, ba ya cika bin wannan ƙa'ida ta lokaci, amma hanyar aikinsa ɗaya ce.

Ka ga ikon Allah, mai karatu. Kalmomi biyu da tarihi ya ce ba su haɗa kaka ba, sai ga su sun haɗu a jikin yaro mai masassara, fashewa a cikin jini, rawa a waje, ta biyun ce ma ke haifar da ta farkon. Turawan da suka sauya "ch" zuwa "sh" a 1400 ba su san da wannan ba, ko madubin ganin ƙwayar cuta ba a ƙera ba a lokacin.

Kuma mu abin ya fi shafa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Nijeriya suke. Tun 2012 hukumar ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin rigakafi wata-wata a lokacin damina a ƙasashen Sahel, kuma ma'aikatan da ke rabon sun sha shigowa unguwarmu gida-gida. Duk da haka har yanzu nakan ga uwa ta ga ɗanta na kyarma a watan Satumba ta ce ruwan sama ne ya dake shi, ta ƙara masa zane, ta jira gobe. A ɗakin shan magani gwajin jinin ba ya wuce minti ashirin, ɗigo ɗaya ake ɗauka a yatsa.