Inda Babban Kifi Yake Kwana: Daga Libreville Zuwa Tafkunan Ogooué

Da yawa daga cikinmu mazauna Libreville ba mu san kifin ƙasar nan ba sai a teburin masu sayarwa. To, ga wanda yake da sha'awar fatsa, akwai wani kifi da ya cancanci a yi tafiya dominsa. Faransawa suna ce masa "brochet", saboda ya yi kama da wani kifi na ƙasarsu: dogon jiki, dogon baki, ga haƙora kamar allura. Amma ba danginsu ɗaya ba. Na Turai yakan wuce mita guda, namu kuwa in ya kai santimita 60 ya cika ƙato.

Ba a samunsa a ruwan gishirin da ke gaban birni, sai an nufi Lambaréné, wajen kilomita 240 daga nan. Mota takan bi ta Ntoum, ta haye kogin Komo a Kango, ta tsallake layin Ikwaita kafin Bifoun. Lambaréné tana kan kogin Ogooué, wanda ya taso daga Kwango, ya yi tafiyar kilomita 1,200 kafin ya faɗa teku. A garin ne likita Albert Schweitzer ya kafa asibitinsa a 1913. Daga nan sai kwale-kwale mai inji, a gangara zuwa tafkunan Onangué da Ezanga da Oguemoué. Onangué shi ne tafki mafi girma a Gabon.

Baƙo yakan ɗauka babban kifi sai tsakiyar babban ruwa. Ba haka ba ne. Wannan kifi ɗan kwanton ɓauna ne, ba ya son ruwa mai gudu. Ka neme shi a gefe, inda ruwa ya kwanta: ƙarƙashin itacen da ya faɗa ruwa, ko bakin ciyawa, ko inda ƙaramin rafi ya shigo tafki. In ka ga ƙananan kifaye sun watse firgigit, to, yana kusa. Ka sa ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya, ka haɗa da guntun waya, don haƙoransa sukan datse zare. Sassafe da la'asar sakaliya sun fi.

Lokaci ma abin lura ne. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa yakan janye, kifi ya taru wuri guda, masunta su kafa bukkoki a kan rairayi. A nan za ka ga bargi, wanda aka shigo da shi ƙasar don kiwo, ya kuɓuce ya cika tafkuna. Mutanen wurin suna kiransa "sans nom", watau marar suna.

Amma idan damina ta sauka, ruwa ya hau, kifin nan yakan yi sheƙa ta kumfa cikin ciyawa, ya zuba ƙwai, iyaye suna gadi. Wanda ya kama su a lokacin ya ci na bana, ya kashe na baɗi. Haka nan taru mai ƙananan idanu, shi ke kwashe 'ya'yan kafin su girma. Tun 2009 aka sa wannan yanki cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta kare, amma takarda ba ta tsaron tafki.

Saboda haka in ka je, ka nemi izinin mutanen ƙauye, ka ɗauki ɗan jagora daga cikinsu, ka mayar da ƙarami cikin ruwa. Allah Ya ba da sa'a.