A Maraɗi, Ɗan Aji Shida Ƙanen 'Yar Aji Uku Ne

Daga Katsina zuwa Maraɗi ba wata doguwar tafiya ba ce. Ka bi ta Jibiya, ka ƙetare iyaka a Magama, ka wuce Ɗan Isa, sai ga ka a gari. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, har mai sarautar garin ma Sarkin Katsina ake ce masa. Shi ya sa da na je gaida yayata da ke aure a can, ban sa ran cin karo da wani baƙon abu ba. Ashe yana nan cikin jakar 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko.

Da yamma 'ya'yanta biyu suka dawo gida, na yi musu tambayar da kowane babba ke yi wa yaro. Ƙaramin, ɗan shekara 13, ya ce yana siziyam, wato aji na shida. Yayarsa mai shekara 16 ta ce tana tarwaziyam, aji na uku. Na dubi wannan, na dubi waccan. Ina aka taɓa ganin ƙane ya wuce yayarsa da aji uku, kuma babu wanda ya damu a gidan?

"Kawu, ai mu gangarowa muke yi," in ji yarinyar. "Daga shida sai biyar, sai huɗu, sai uku. In na ci jarrabawar birebe bana, sai in shiga lise, in yi aji na biyu, in yi na ɗaya, sannan tarminal."

Mahaifinsu malamin firamare ne, irin waɗanda yara ke kira mushe. Ya jawo takarda ya zana mini tsarin daki-daki. Firamare shekara shida ce kamar tamu, amma azuzuwanta da haruffa ake kiransu: CI, CP, CE1, CE2, CM1, CM2. Daga nan koleji shekara huɗu, a rufe da jarrabawar birebe. Sai lise shekara uku, a rufe da jarrabawar bak. Jimilla shekara 13 ke nan. Mu kuwa a Najeriya, tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, shekara 12 yaro ke yi kafin ya zauna WAEC ko NECO.

Ajin farkon nan, CI, shi ya fi tsaya mini a rai. A Faransa, inda aka ɗauko tsarin, firamare shekara biyar ce, daga CP ake farawa, domin yaro da Faransancinsa yake fitowa daga ɗakin uwarsa. A Nijar kuwa an ƙara shekara guda a gaba, don kunnen ɗan Bahaushe ko Bazabarme ya saba da harshen da za a karantar da shi. Sai na tuna 'yan aji ɗayanmu da ake yi wa ruwan Turanci tun ranar farko a makarantun kuɗi, suna ta maimaita abin da ba su gane ba.

Ƙirgen gangara ma gadon Faransa ne. Napoleon ya kafa lise a 1802, ya kafa jarrabawar bak a 1808, kuma a tsohon tsarinsu ƙananan yara daga aji na goma sha ɗaya suke farawa. Lambar ajin ɗan Maraɗi tana nuna masa abin da ya rage gabansa. Tamu, wadda muka gada daga Ingila, tana nuna abin da yaro ya riga ya ci. Ban taɓa tunanin akwai wata hanyar ƙirgawa ba sai ran nan.

Da yaron ya kawo mini takardar sakamakonsa, na ga 14 a lissafi, gabana ya faɗi. Mahaifinsa kuwa sai murmushi yake yi. A can maki bisa 20 ake bayarwa. Goma ita ce mashiga, 14 abin yabo ne, wanda ya kai 16 kuwa sai a yi ta labarinsa. Wanda ya kasa kai madaidaicin maki a ƙarshen shekara yakan maimaita aji, su ce ya dubule. Na ga tasirin hakan da idona a ƙofar wata koleji da safe: wani ɗan tsurut da jakarsa ta kusa rinjayarsa, kafaɗa da kafaɗa da saurayin da gemu ya fara tsiro masa, littafi iri ɗaya a hannunsu. Wani ya makara da shiga daga ƙauye, wani ya maimaita, wani ya wuce sumul.

Da dare na zauna na yi lissafi. Digirin farko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, kamar sauran jami'o'in da ke bin tsarin Faransa, shekara uku ne. Sha uku a tara da uku, 16. Namu sha biyu a tara da huɗu, shi ma 16. Kowa ya bi tasa hanyar, amma mahaɗa ɗaya ce.

To, saurin me muke yi a gida? Mun mai da ƙarancin shekarun yaro abin tinƙaho. Makarantun kuɗi da yawa suna tsallakar da yara daga aji biyar, wasu ma daga aji huɗu, zuwa sakandare. Yaro ya gama yana ɗan 15, sai ya tarar da ƙa'idar shekara 16 ta shiga jami'a, ya zauna a gida yana jira. A 2024, da ministan ilimi Tahir Mamman ya ce sai 18, ƙasa ta ɗauki zafi, har magajinsa Tunji Alausa ya mayar da ita 16. A Maraɗi, wanda ya ci bak yana ɗan 19 ko 20 barka ake yi masa, babu mai cewa ya makara.

Tsarinsu ma da nasa ciwon. Mijin yayar tawa ya faɗa mini da baƙin ciki cewa maimaita aji na sa wasu yaran su yi zuciya su kama kasuwa, kuma 'yan mata da yawa ba sa kaiwa birebe. Wannan ciwon da mu da su duk muna fama da shi.

Amma dukanmu mun san wata makaranta da ba ta ƙirga shekaru. A makarantar allo, a Katsina ko a Maraɗi, izu nawa ka kai ake tambaya, kuma malam ba ya bari ka wanke allo sai ka biya karatun ya zauna. Wannan haƙurin nake so mu kai wa boko. Iyayen da ke shirin cire ɗansu daga aji biyar bana, su fara ba shi wasiƙa ya karanta, su ba shi lissafin cefane ya yi. In ya iya, madalla. In bai iya ba, su bar shi ya yi aji shidansa, shekara guda ba za ta hana shi zama likita ba.