Fitilar da Direba Ba Ya Gani

Idan fitilar gaba ta mutu, duhu zai gaya maka. Idan sigina ta mutu, za ka ji ƙyaftawarta ta ƙara sauri. Amma fitilar birki takan mutu shiru, domin don na bayanka aka yi ta. Mutum sai ya yi mako yana yawo da ita a mace, har jandarma ya tsayar da shi ko mai kabu-kabu ya daki bayansa. Wanda ya taɓa bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram da dare, amalanke ya ɓullo masa ba fitila, ya taka birki ga babbar mota a bayansa, ya san darajar jar wutar nan.

Kawuna, tsohon direba, shi ya koya mini dubawa. Ya ce, "Ɗana, juya bayan motar ga bango bayan magariba, ka taka birki, ka kalli madubi. In bangon bai yi ja ba, kada ka fita."

Idan gefe ɗaya ne ya mutu, yawanci ƙwai ne ya ƙone. Idan duka suka mutu tare, har da ta saman gilashin baya, to, a fara da fis, wanda makanikanmu ke kira fizibil. Akwatinsa yana ƙarƙashin sitiyari ta wajen ƙafar direba, wani kuma yana cikin bonet kusa da batir. A murfin akwai zane mai nuna aikin kowane fis. A motoci da yawa, irin su Toyota, na birki an rubuta masa STOP. Kashe mota, zare shi da ɗan matsefin robar da ke cikin akwatin ko da filaya, ka ɗaga shi ga haske. Idan siririn ƙarfen tsakiya ya tsinke, ya ƙone.

Sai a sa sabo mai lamba ɗaya da tsohon. Launi ma yana taimakawa: ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20. A nan ne nake yawan saɓani da abokaina. Wani zai cire 10 ya sa 30, wani ya naɗa waya ko takardar kwalin taba, ya ce ai wuta ta kama. Ta kama, gaskiya ne. Amma an yi fis ne da rauni da gangan, don ya ƙone kafin waya ta yi zafi. Ka ba shi ƙarfin da ya wuce na wayar, to, wayar ce za ta narke a inda ido ba ya kaiwa, daga nan sai gobara.

Idan sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa jikin mota, sau da yawa a maƙogwaron but. Idan kuma fis lafiya yake amma wuta ba ta zo ba, a duba makunnin da ke saman fedar birki. Waɗannan aikin mai gyaran wutar mota ne.

Ni dai ba na rabuwa da fis uku a aljihun mota. Kuɗinsu bai kai na litar mai ba, kuma mutumin da nake kiyayewa da su ban ma san fuskarsa ba.