Saratu Ko Sarah? Rigimar Suna A Hanwa

A gidan su da ke Hanwa, Ummi ake ce mata, don sunan kakar ta ta ci. A makaranta kuwa ba mai ɓoye suna: Saratu. Nan fa matsalar ta ke. Da zarar ta ɗan ɗaga murya sai ƙawaye su kwashe da dariya, "Kai, Daso ta motsa!" Duk mai kallon finafinan Hausa ya san Saratu Giɗaɗo, wadda ba ta da na biyu wajen fitowa a muguwar kishiya ko masifaffiyar uwar miji. To, wace budurwa ke son a riƙa jingina ta da wannan?

Da lokacin cike fam ɗin jami'a a Samaru ya zo, sai ta ce ita Sarah za ta rubuta, irin Sarah Connor ta fim ɗin 'Terminator' na 1984. Baban ta ya ce atafau. "Sunan mahaifiya ta za ki yar, ki ɗauko na Turawa?" Kwana uku ba ya amsa gaisuwar ta.

Abin dariyar, a kan suna ɗaya su ke faɗa. Asalin sa Ibrananci ne, ma'anar sa gimbiya, kuma sunan matar Annabi Ibrahim (AS) ne. Turawan Ingila ma aro su ka yi daga Baibul, ya karɓe su har ya zama na ɗaya a sunayen jarirai mata a can a 1974 da 1984. Mu kuwa ta hannun Larabawa ya iso mana, da wutsiyar nan ta "tu" da ke jikin A'ishatu da Aminatu.

Wata tela a Sabon Gari, Kirista 'yar Wusasa, ita ta warware mata wannan tana cikin gwada ta. Ta ce, "Ƙanwa ta, ni Sarah ce a takarda, amma a Littafi Mai Tsarki na Hausa Saratu aka rubuta. Haka kaka ta ke kira na."

Saratu ta rubuta a fam ɗin, ko da yake ran ta bai so ba. Ranar da Daso ta rasu a Kano, cikin azumin 2024 (Allah ya jiƙan ta), waɗancan ƙawayen dai su ne su ka yi ta bugo mata waya, wai ta'aziyyar takwara.