Tsinken Tsire da Tef ɗin Tela

Mu da muka taso a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde a shekarun 1980, ba ma mantawa da safiyar Litinin a teburin mai shayi, musamman idan Canon da Tonnerre sun kara ranar Lahadi a filin wasa na Ahmadou Ahidjo. Ba ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan da ta fito daga unguwarmu. Canon ta Nkolndongo ce, an kafa ta a 1930, mai riga kore da ja. Tonnerre kuwa ta Mvog-Ada ce, an kafa ta a 1934, mai fari da baƙi. Duk da haka sun raba mu gida biyu.

Kowane ɓangare yana da abin tinƙaho. Canon ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1971 da 1978 da 1980, ga ta da Thomas N'Kono a raga. Tonnerre ce ta fara cin kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka lashe kofin ƙasarsu, a 1975, lokacin Roger Milla, daga baya kuma George Weah ya buga mata kafin ya wuce Monaco a 1988.

Da Faransanci jaridar take zuwa, mu kuwa allo muka yi, yawancin manyanmu ma haka. Saboda haka wani yaro ɗan boko ake kira ya fassara. Kafin ya buɗe baki, wani mai tsire ɗan Tonnerre ya ɗora tsinke a kan shafin, ya auna tsawon labarin, ya rantse an tauye ƙungiyarsa. Tela maƙwabcinsa, masoyin Canon, sai ya zaro tef ya auna hoto, ya ce an sayi ɗan jaridar. Shafi ɗaya, rana ɗaya, kowa ya tashi da yaƙinin shi aka zalunta.

Sai da muka girma yaron nan, wanda yanzu ya yi furfura, ya faɗa mana yana dariya cewa fassararsa tana bin wanda ya saya masa shayi. In tela ne ya biya, sai ya tsallake inda aka yabi Tonnerre. Shekara da shekaru muna zagin mutumin da ba mu taɓa jin ainihin maganarsa ba.

Ba mu ce ɗan jarida ba ya karkata ba. Mutum ne, shi ma a wata unguwa aka haife shi, kuma ƙungiyar da ke kan ganiyarta ta fi shan tawada. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mai so ba ya ƙirga yabon da aka yi wa nasa, domin yana ganin haƙƙinsa ne. Abin da aka ba abokin hamayya kawai yake ƙirgawa.

Yau alƙalamin yana hannunmu. Mu ke rubuta abin da aka zartar a zauren dattijon unguwa: rabon gado, iyakar rumfa, sulhun aure. Kwanakin baya wasu 'yan'uwa biyu suka zo kan gidan mahaifinsu. Ƙanen ya leƙa takarda ya ce: "Malam, jawabin Yaya ya ci layi goma, nawa shida." Maganar ta yi mana zafi, don a nan ba ƙwallo ake rasawa ba, zumunci ne. Nan take muka tuna da tsinken mai tsire, muka kuma tuna da yaron shayi. Muka karanta takardar da ƙarfi a gabansu duka, muka tambayi kowa ko an bar masa wani abu. Ashe ƙanen yana da gaskiya a wuri ɗaya: mun manta da kuɗin da ya kashe wajen gyaran rufi. Muka ƙara, suka sa hannu.

Tun daga ranar ba ma rufe takarda sai kowa ya ji ta da kunnensa. Allah Ya ba mu ikon yin adalci, da mai rubutu da mai karatu.