Rabonmu a Buhun Sukari

Mu mutanen Birnin Kudu da Gwaram mun iya zuba jari, sai dai jarin da hannu ke iya shafawa. Da kaka mu sayi gero da dawa da riɗi a kasuwar Sara, mu jibge a ɗaki mu jira bazara. Mai ɗan ƙarfi ya ɗaure raguna sai layya. Ko faɗuwa aka yi, mutum na ganin abin da ya kayar da shi: ƙwari ne suka ci, ko farashi ne ya karye.

Hannun jari kuwa baƙo ne, kuma ta ƙofar kayan masarufi ya fi shigo mana. Manyan kamfanonin kantuna irin Shoprite sun yi mana nisa. Na Afirka ta Kudu ne, ya sayar da harkarsa ta Najeriya a 2021, reshen Kano ma an rufe shi a farkon 2024. Kantinmu shi ne mai tireda na bakin titi, wanda ke saro kaya daga kasuwar Singa. Saboda haka in ɗayanmu zai sayi rabo, a kamfanonin da ke cika wa mai tiredan kanta yake saya: Dangote Sugar, BUA Foods, da makamantansu.

Hujjarmu mai daɗin ji ce. Wane gida ne ba a dama koko? Wane mai shayi ne zai buɗe teburi babu sukari? Ga kuma 'yar alfahari, tunda Aliko Dangote a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya yi sakandare, sai muke jin kamar kamfanin ɗan gida ne. Da aka fito da hannun jarin Dangote Sugar kan naira 18 ya shiga kasuwa a 2007, malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma ne suka fi zumuɗi. Shekara na zagayowa kasuwar gaba ɗaya ta rufta.

Amma 2023 ta fi ba mu abin tunani. A shekarar sukari ya yi tsadar da sai da masu shayi suka rage cokali, kuma ba a daina saye ba. A lissafin kasuwar Sara, mai kaya ya ci riba ke nan. Sai ga kamfanin ya bayyana asarar sama da naira biliyan 70. Dalili? Yawancin ɗanyen sukarin daga Barazil ake shigo da shi a tace a Apapa, da dala ake biya, naira kuwa ta zube tun da aka sake ta a watan Yuni. Wannan ba ya rubuce a jikin buhu. Mai tireda zai faɗa maka abin da ke tafiya, ba zai iya faɗa maka bashin dalar da ke wuyan kamfani ba.

Akwai kuma maganar iko. Hatsinmu mu ke yanke ranar sayar da shi. A Flour Mills, masu Golden Penny, babban mai rabo ya saye na ƙanana a ƙarshen 2024, kamfanin ya fice daga kasuwar Legas. An biya kowa kuɗinsa, gaskiya ne, amma mai 'yan ɗaruruwan hannun jari a Gwaram ba shi ya zaɓi lokacin ba.

Duk da haka ba mu ce a guje shi ba. Ɓera ba ya cin hannun jari, ba ya neman hayar ɗaki, kuma ba a yi wa mai shi kallon mai ɓoye abinci lokacin yunwa, abin da masu ajiyar hatsi ke sha a bakin malamai duk bazara. Matasanmu yanzu ta waya suke saye, da kuɗin da bai kai na tiya biyar ba. Masu natsuwa a cikinsu kan fara duba inda kamfani ke samo ɗanyen kayansa, gonar gida ko jirgin ruwa, sannan su tambayi yawan bashin ruwan da ke kansa, don maganar halal ba ta barin zukatanmu. Sauran kuɗin kuma su kai Sara.